Wanda ya ci wasa da hom-ron a bar shi ya yi murna, mai jifan mutum da ƙwallo shi za a tuhuma

Ranar 14 ga Oktoban 2015 a birnin Toronto na ƙasar Kanada, José Bautista ya yi wani abu da bai wuce daƙiƙa biyu ba, amma har yau masu bin wasan besbol ba su gama gardama a kai ba. Wasa ne na biyar kuma na ƙarshe tsakanin kulob ɗinsa Toronto Blue Jays da Texas Rangers, wanda ya ci ya wuce gaba, wanda aka ci ya tattara kayansa sai baɗi. Ana zagaye na bakwai, uku da uku, abokan wasansa biyu na tsaye a kan tasha, wato wuraren da mai bugu ke yada zango a zagayen fili, suna jira, mai jifan Texas Sam Dyson ya jefo ƙwallo, Bautista ya zabga mata sanda ta tashi sai cikin 'yan kallo. Wannan shi ake kira hom-ron, ka buga ƙwallo ta haye katangar fili, kai da duk wanda ke kan tasha ku zagayo gida kowa da makinsa. Nan take ya zama shida da uku, kuma a haka aka tashi. To maimakon ya ajiye sandar a hankali ya sunkuyar da kai ya kama gudu yadda dattawan wasan suke so, sai ya tsaya cak ya bi ƙwallon da ido, sannan ya wurgar da sandar nan sama can gefe.

Ni dai a ganina bai yi laifi ba ko kaɗan, kuma zan faɗi dalili.

Toronto sun yi shekara 22 rabonsu da wasannin neman kofi, tun 1993. Shi kansa zagaye na bakwai ɗin nan minti 53 ya ci, abin da yawanci ba ya wuce kusan minti ashirin. A farkonsa mai tare ƙwallo na Toronto, Russell Martin, ya zo mayar wa mai jifa ƙwallo sai ta daki sandar Shin-Soo Choo na Texas ta gangara, abokin wasansa Rougned Odor ya sheƙo gida, alƙalai suka ce maki ya ciwu, 'yan kallo suka fusata suna ta jefo gwangwanaye cikin fili. Sai kuma Texas suka tafka kuskure uku a jere. Mutum ya ɗauko duk wannan nauyin a ka, kusan mutum dubu hamsin na ihu a kansa, ya yi bugun da ya fi kowanne a rayuwarsa, sannan a ce ya yi kamar ba abin da ya faru? Haba, ai ba dutse ba ne.

Amma masu sukarsa ma ba sakarkaru ba ne, suna da hujja kuma ya kamata a saurare su. A besbol akwai abin da suke kira dokokin da ba a rubuta ba, an gaje su kaka da kakanni, babbar cikinsu ita ce kada ka kunyata mai jifa. Sukan ce kakar wasa guda wasa 162 ce, kusan kullum ana fili, kuma gwanin gwanaye ma cikin shiga goma sau bakwai ake fitar da shi, saboda haka wanda ya yi fankama yau gobe shi ne abin dariya, gara kowa ya kama kansa. Sannan mai jifa shi kaɗai yake tsaye a tsakiyar fili kan ɗan tudun nan, kamara na kansa, ba inda zai ɓoye fuska. Bayan wasan Dyson ya ce ya kamata Bautista ya rage zafi ya girmama wasan domin yara na koyi da shi. Tsohon tauraro Goose Gossage shi kam bai tauna ba, a watan Maris 2016 ya kira Bautista abin kunya ga wasan, har ya ce yana zubar da mutuncin 'yan wasan Latin Amurka.

Na yarda tawali'u abu ne mai kyau, kuma wanda ya ci ya ajiye sanda shiru ya zagaya ina ganin girmansa. Inda muka raba hanya da su shi ne hukuncin da suke yankewa da hannunsu. Ku duba abin da ya biyo baya. Ranar 15 ga Mayun 2016, wata bakwai cur da faruwar abin, a wasan ƙarshe da kulob ɗin biyu za su yi a jadawalin shekarar, a zagaye na takwas, mai jifan Texas Matt Bush ya ɗirka wa Bautista ƙwallo a haƙarƙari da gudun da ya haura kilomita 150 a awa. Bush ɗin nan ma ba ya cikin tawagar ranar da aka jefar da sandar. Bautista ya haɗiye, ya tafi tashar farko, da aka sake bugu ya zame da ƙarfi kan ƙafafun Odor a tasha ta biyu, Odor ya hankaɗe shi ya kuma kai masa naushi a muƙamuƙi har hular kwano da tabarau suka yi tsalle. An dakatar da Odor wasa takwas daga baya aka rage zuwa bakwai. To a cikin wannan labarin, tsakanin sandar da ta faɗi kan ciyawa ba ta taɓa kowa ba da ƙwallon da aka auna jikin ɗan Adam da ita da gangan, wanne ne rashin girmama wasa?

Ƙwallon besbol fa ba ta roba ba ce. Nauyinta kusan giram 145, a daskare take kamar dutse, kuma tsakanin mai jifa da mai bugu mita 18 ne da ɗan ɗori, ko rabin daƙiƙa ba ta yi ta iso. A watan Agustan 1920 ƙwallon da Carl Mays ya jefa ta samu Ray Chapman na Cleveland a ka, washegari ya rasu. A 2014 ta samu Giancarlo Stanton a fuska ta karya masa ƙasusuwa da haƙora, kuma wannan ba da niyya ba ne, kuskure ne. Idan kuskure na yin haka, ta yaya mai hankali zai ce ai ni cinya ko baya na auna? Hannu na kuɓucewa. Kuma riƙon da suke yi shi ya fi damuna, Hunter Strickland na San Francisco ya riƙe Bryce Harper a zuci kan hom-ron biyu da ya buga masa a 2014, bai rama ba sai Mayun 2017, aka kaure da dambe a tsakiyar fili.

Wani abin kuma, tarihin wasan da suke cewa suna karewa cike yake da murna. Carlton Fisk a 1975 yana tsalle yana kaɗa hannu biyu wai ƙwallo ta zauna cikin layi. Kirk Gibson a 1988 yana ɗingishi yana zagaye yana dunƙule hannu yana ja baya bayan ya fasa mai jifa Dennis Eckersley. Joe Carter a 1993, a wannan filin na Toronto, ya yi ta tsalle kamar ƙaramin yaro bayan hom-ron ɗin da ya ba su kofi. Waɗannan bidiyoyin su ake nunawa duk shekara a matsayin abin alfahari, ba wanda ya kira su abin kunya. To me ya sa na Bautista ya zama daban? Shi da kansa ya yi rubutu a kai bayan 'yan makonni, ya bayyana cewa a Jamhuriyar Dominika inda ya tashi haka ake wasan, da kiɗa da ihu da nuna abin da ke zuci. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan wasan MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ba a Amurka aka haife su ba, kuma Dominika ce kan gaba. A Koriya ta Kudu wurgar da sanda abu ne na yau da kullum, ba mai ɗaga gira. Kenan abin da ake kira ladabin wasa al'adar wasu mutane ce a wani zamani, ba laifi su so ta, amma ba su da hurumin tilasta ta da ƙwallo a haƙarƙarin wani.

Ba wai na ce komai ya halatta ba, akwai iyaka, kuma mu masu kallon ƙwallon ƙafa mun san ta. Ku tuna marigayi Rashidi Yekini a 1994 a Dallas, ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya a ragar Bulgeriya, ya shige raga ya riƙe ta yana girgizawa yana ihu. Sannan ku tuna Adebayor a 2009, ya ci Arsenal ya falfala tun daga wannan ƙarshen fili har wancan don kawai ya zube a gaban magoya bayansu. Yekini abin da ke ransa ne ya fi ƙarfinsa, Adebayor kuwa mutane ya je ci wa fuska. Haka a besbol. A Satumban 2013 Carlos Gómez na Milwaukee ya buga hom-ron a Atlanta ya dinga zagaye yana yi wa mai jifa Paul Maholm tsawa, har Brian McCann na Atlanta ya tare masa hanya kafin ya iso gida. Wannan tsokana ce, ban goyi bayanta ba, duk da shi ma abin da ya tunzura shi ƙwallo ce da Maholm ya same shi da ita watanni kafin nan. Ka nuna mutum da yatsa, ka zage shi, ka wurga sanda wajen benci nasu, alƙali ya kore ka ban ce uffan ba. Ka juya wajen naka mutanen ka yi ihu, wannan haƙƙinka ne.

In ma akwai dalilin da zan ce a yi hattara da murna, to lafiyar mai murnar ce. Ranar 29 ga Mayun 2010 Kendrys Morales na Angels ya ci Seattle da hom-ron na ƙarshe, ya zo gida ya daka tsalle cikin abokansa ya sauka ba daidai ba ƙafa ta karye, bai sake wasa ba sai 2012. Wannan kam darasi ne na gaske.

Batun yara kuwa, wai suna kallo, gaskiya ne suna kallo, amma duka biyun suke kallo. Yaron da ya ga an wurgar da sanda shi ne dai ya ga an yi ramuwar gayya bayan wata bakwai, ya ga manya na tafa wa mai naushi. A 2025 a jihar New Jersey an kori wani yaro ɗan shekara 12 daga wasa an kuma dakatar da shi saboda ya wurga sanda sama bayan hom-ron, sai da mahaifinsa ya je kotu alƙali ya ba shi damar buga wasan gaba. Idan damuwar ita ce kada sandar ta faɗo kan wani yaro, to koci ya ja shi gefe ya nuna masa, na fahimci wannan, amma har a kai ga kotu kan farin cikin yaro, abin ya yi yawa.

Ita kanta hukumar MLB baki biyu take yi. A 2018 ta fitar da talla tana cewa a bar yara su yi wasa, da muryar Ken Griffey Jr., tallar cike da wurgin sanda, domin ta san shi ke jawo matasa a intanet. Watanni kaɗan bayan haka, a Afrilun 2019, Tim Anderson na Chicago White Sox ya wurga sanda bayan hom-ron, da ya dawo bugu Brad Keller na Kansas City ya maka masa ƙwallo a baya. Hukuncin Keller wasa biyar. Wanda bai san besbol ba zai ce ai an hukunta shi, alhali mai jifan da ke buɗe wasa dama sau ɗaya yake fitowa duk kwana biyar, wato kusan an ɗan ɗaga masa rana ne kawai. Idan da gaske ake, duk wanda aka tabbatar ya auna mutum da gangan a ba shi wasa ashirin ba albashi, kocinsa ma ya zauna a gida mako guda, kuma in ya maimaita a cikin shekarar a ninka masa.