Ranar da Birkin Hannu Ya Tuna Aikinsa

Shekara 2 cur na yi ina yawo da guntun katako a bayan a-kori-kurata, domin a gaskiya shi ne birkin hannun motar. Sandar da ke gefen kujerar direba ta daɗe da ajiye aiki ba tare da ta sanar da kowa ba: idan na ja ta, sai ta yi ƙas-ƙas-ƙas cikin ladabi har ta kai maƙura, amma motar ta ci gaba da silalewa kamar ba da ita ake yi ba. Haƙurina ya ƙare ne ranar da na tsaya a wata 'yar gangara ban sa giya ba, na sauko ɗauko waigi, sai na ga motar ta riga ni yin gaba, ina bin ta a guje da katako a hannu ina cewa ta tsaya, kamar wanda akuyarsa ta tsinke igiya. A ranar na sayo sababbin takalman birki da jakar ƙananan sifirin, na kuma yanke shawarar yin aikin da kaina.

Ga wanda bai taɓa leƙa wurin ba, motata tana cikin waɗanda ke da faifan birki a tayoyin baya, kuma birkin ƙafa da na hannu kowa da gidansa. Na ƙafa yana matse faifan ne daga waje. Na hannu kuwa yana ɓoye a tsakiyar faifan, inda ƙarfen ya yi zurfi kamar tukunya, kuma a cikin tukunyar akwai takalma 2 masu siffar jinjirin wata. Idan aka ja sanda, waya ce ke jan wani ɗan ƙarfe da zai buɗe su su manne da bangon tukunyar. Tun da aikinsu riƙe motar da ta riga ta tsaya ne, ba su cika cinyewa ba. Abin da ke kashe su shi ne tsatsar da ke shiga ƙarƙashin fatarsu ta ɓamɓare ta, ko kuma direban da ke tafiya bai sauke birkin ba, wanda a lokacin nake ganin sakarcinsa ya wuce misali.

Na fara aikin da tsari irin na ƙwararru. Na ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, na sa wa tayoyin gaba waigi, domin da zarar tayoyin baya sun bar ƙasa, giya da birkin hannu duk ba su da sauran iko a kan motar. Na ja birkin hannu saboda sabo, na sassauta noti 6 na kowace taya, na ɗaga motar da jak, na ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, domin ba a amince wa jak shi kaɗai da ran mutum. Na kwance abin da ke matse faifan na rataye shi da waya, don kada nauyinsa ya ja tiyon man birki. Har zuwa nan, da akwai mai kallo, da ya ɗauka gadon aikin na yi.

Sai faifan ya ƙi fita. Na ja, na girgiza, na fesa masa man kwance tsatsa, na ba shi lokaci ya yi tunani, sannan na ɗauko guduma. Da guduma ta gaza, sai na tuna da ramuka 2 masu zare da ke fuskarsa, waɗanda ake ɗaura musu ƙusa mai kaurin milimita 8 domin ta turo shi waje. Na ɗaura, faifan ya fito kamar faɗin ɗan yatsa, na yi murna, amma ina kwance ƙusoshin ya koma inda ya fito kamar kunkuru ya mayar da kai. Mai hankali zai gane cewa wani abu mai sifirin ne ke riƙe da shi daga ciki. Ni kuwa abin da na gane shi ne gudumata ta yi ƙanƙanta, sai na aiki ɗana ya aro mini babba wajen maƙwabcinmu.

Dattijon, wanda ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci kafin gwiwa ta zaunar da shi, ya biyo gudumarsa da kansa. Ya tsaya ya goye hannu a baya yana kallona ina gumi, sannan ya ce, “Malam, ka sauke birkin hannu kuwa?” Na yi dariya irin ta wanda ya san abin da yake yi, na ce, “Haba Baba, ai birkin ne ba ya aiki, shi ya sa muke nan.” Ya ce, “Ba ya riƙe mota, na yarda, amma ai faifai bai kai mota nauyi ba.” Na leƙa ciki, sai ga sandar a miƙe tana kallon rufi. Birkin da ya yi shekara 2 bai riƙe komai ba, sai da ya zaɓi ranar da nake neman ya saki, sannan ya tuna da aikinsa, ya kuma riƙe ni awa 2 da rabi.

Ko da na sauke sandar, sai da dattijon ya nuna mini wata 'yar roba a fuskar faifan. Ana cire ta, a juya faifan har ramin ya daidaita da wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar tauraro, a zura sukundireba a juya shi domin takalman su tsuke, saboda tsatsa takan yi tudu a bakin tukunyar ta hana su wucewa. Na juya tauraron, na kafa ƙafa, na tattara ƙarfin da na saba ja da shi tun safe. Faifan, wanda yanzu ko yaro zai zare shi da hannu ɗaya, ya taho gaba ɗaya, muka zube tare, ni a ƙasa shi a cikina. Fatar takalmi ɗaya ta faɗo ita kaɗai kamar ɓawon itace, ta ɗayan kuma ba ta kai milimita 1 ba. Na cika baki da iska zan hure ƙurar, dattijon ya daka mini tsawa, ya ce ƙurar birki ba abin shaƙa ba ce, da maganin fesawa ake wanke ta.

Kafin ya tafi ya bar mini wasiyya guda: in gama gefe ɗaya kafin in taɓa ɗayan, domin wanda ban taɓa ba ya zame mini abin dubawa. Yana ba da baya na ga cewa wannan ɓata lokaci ne, tun da na ɗauki hoto a waya, sai na wargaza gefen biyu na tara komai a kwano ɗaya. Da lokacin mayarwa ya yi na buɗe hoton, sai na tarar da babban yatsana, fes da shi, ya rufe daidai inda sifirin suke haɗuwa.

A nan na san cewa wanda ya tsara wannan wuri ya ɗauka mai gyara yana da hannu 3. Kowane takalmi yana da siririyar ƙusa da ake zurowa ta baya, a danna sifirin a kanta ta gaba, a murɗa kwata guda ta kulle, alhali farantin da ake ɗaura taya a kai ya tare gabanka, da ƙyar filaya ke shiga. Ɗana ya riƙe ƙusar ta baya, ni ina dannawa, sifirin ya kuɓuce ya yi fiu ta gefen kunnena, muka shafe minti 20 muna rarrafe muna nemansa, daga ƙarshe ya faɗo daga lanƙwasar ƙafar wandona. Da na gama gefen farko na miƙe ina karkaɗe hannu, sai yaron ya ɗaga wani ƙarfe daga kwano ya ce, “Baba, wannan fa na ina ne?” Ƙarfen da ke tsakanin takalman ne, wanda ke isar da turi daga ɗaya zuwa ɗaya, kuma ba ya shiga sai an sake kwance komai.

Sai da rana ta yi sanyi na haɗa gefen biyu. Na ɗan shafa giris a inda gefen takalman ke goga ƙarfen da ke bayansu, ban bari ya taɓa fata ba, na mayar da faifai, na juya tauraron har faifan ya kafe, sannan na mayar da shi baya haƙori 8 kamar yadda littafin motata ya nuna. Na ɗaura tayoyi, na taka birkin ƙafa har ya yi tauri, na nufi gangarar nan da ta kunyata ni. Na ja sanda, ta tsaya tun kafin ta kai rabin hanya, motar kuma ta kafe kamar an dasa ta. Na fito na zagaya ta sau 2, na ɗauki katakon na jefa shi can ƙuryar bodi.

A hanyar dawowa na ji motar ta yi nauyi, na zargi injin, na ƙara taka totur. Ina isa ƙofar gida na ga dattijon a zaune, ya ɗaga kai yana shinshina iska, wani wari kamar na ƙonanniyar roba yana tashi daga tayoyin baya. Shekara 2 ina tashi da sandar a sama ko a ƙasa motar ba ta taɓa nuna bambanci ba, hannuna ya manta hanyar zuwa wurin. Dattijon ya leƙo ta taga ya dubi sandar, ya dube ni, sannan ya ce, “Malam, kada dai ka yar da katakon nan tukuna.”