Kwanar Eau Rouge: a gyara gefen hanya, a bar kwanar yadda take

Tun ranar 1 ga Yulin 2023 da Dilano van 't Hoff, yaro ɗan shekara 18 ɗan ƙasar Holan, ya rasa ransa a filin tseren motoci na Spa-Francorchamps da ke Beljiyam, gardamar nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin masu bibiyar Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya. Wasu na cewa a sa wa kwanar Eau Rouge lanƙwasar rage gudu kowa ya huta, wasu kuma, waɗanda muryarsu ta fi ƙarfi a soshiyal midiya, suna rantsuwa cewa duk ranar da aka taɓa wurin nan to su da kallon tsere har abada. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun kauce wa inda matsalar take, amma gaskiya 'yan "kar a taɓa komai" sun fi damuna, don su ne masu filin suke jin tsoron ɓata wa rai.

Ga wanda bai san wurin ba, Spa tana cikin dajin Ardennes ne, hanya ce mai kilomita 7 da 'yar ɗoriya, ita ce mafi tsawo a jadawalin Formula 1. Mota za ta fito daga kwanar farko La Source ta gangaro a guje zuwa wani kwari inda ɗan rafi mai jan ruwa ya ratsa ta ƙarƙashin kwalta, sai a karya hagu, nan ce kwanar Eau Rouge ɗin, nan take a karya dama a kan wani hawa mai tsananin tsayi da ake kira Raidillon, sai kuma hagu a ƙololuwar tudun. Duk wannan direba yana yin sa ne a gudun kusan kilomita 300 a awa, ƙafarsa a kan totur bai ɗaga ba, kuma lokacin da yake hawan ba abin da ke gabansa sai sararin sama da kawunan bishiyoyi. Abin da ke bayan tudun sai ya iso zai gani. Wannan shi ya sa mutane ke ƙaunar wurin, kuma shi ne dai yake kisa.

Abin da nake so masu cewa "Spa tarihi ce" su tuna shi ne, Spa ɗin da suke karewa yau ita kanta gyara ce ya haife ta. Asalin hanyar da aka zana a 1921 titunan jama'a ne da suka haɗa garuruwan Francorchamps da Malmedy da Stavelot, wajen kilomita 15, da gidaje da turakun waya da shingen gonaki a bakin hanya. Hawan Raidillon ɗin ma sai a 1939 aka gina shi. A tseren 1960 direbobi biyu 'yan Ingila, Chris Bristow da Alan Stacey, suka mutu a rana guda, bayan Stirling Moss ya ji mummunan rauni a wajen gwaji. A 1966 Jackie Stewart ya kauce hanya a kwanar Masta ta tsohuwar hanyar cikin ruwan sama, ya maƙale a motarsa fetur na zubo masa a jiki na kusan minti 25, ba likita ba ma'aikacin ceto a kusa, sai abokan tserensa Graham Hill da Bob Bondurant ne suka ari sifana a wurin wani ɗan kallo suka kwance sitiyari suka ciro shi. Daga nan Stewart ya ɗaura ɗamarar yaƙin neman tsaro, direbobi suka ƙaurace wa Spa a 1969, aka yi tseren Formula 1 na ƙarshe a tsohuwar hanyar a 1970. A lokacin ma an zage shi, an kira shi matsoraci, an ce zai kashe wasan. To a 1979 aka yanke hanyar ta koma rabi, Formula 1 ta dawo a 1983, kuma wannan gajeriyar hanyar ce fa yanzu ake kira filin da ya fi kowanne daɗi a duniya. Wallahi da an bi ta masu zagin Stewart da yau ba Spa gaba ɗaya.

Sai mu dubi yadda Anthoine Hubert ya rasu ranar 31 ga Agustan 2019 a tseren Formula 2, don a nan ake gane ainihin ciwon. Tayar wata mota da ke gaba ce ta sace ta yi hatsari a Raidillon, Hubert na ƙoƙarin kaucewa ya daki shingen gefen dama, shingen ya tunkuɗo motarsa ta dawo ta tsaya a gicciye, sai ga Juan Manuel Correa ya hauro tudun ya same shi a gefe da gudun kilomita 218 a awa kaman yadda binciken FIA, hukumar kula da tseren motoci ta duniya, ya nuna. Hubert ɗan Faransa ne, shekararsa 22. Correa ya tsira amma ƙafafunsa sun yi raga-raga, ya sha tiyata kala-kala kafin ya sake tuƙi. Kun ga kenan dukan farko da shinge bai kashe shi ba, dawowa gaban motocin da ba sa ganinsa ne ya jawo ajali. A 2021 irin haka ta sake faruwa da Jack Aitken a tseren awa 24, ya karye a ƙashin wuya da baya, sannan motoci shida na gasar mata ta W Series suka yi karo a wurin, washegari kuma Lando Norris ya tarwatsa motarsa a gwajin neman gurbi cikin ruwa. Duk a wuri ɗaya, duk cikin 'yan makonni.

Aikin da aka yi kafin kakar 2022 shi ne ya fi dacewa da wannan ciwon, kuma ni ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. A cikin shirin gyara na Yuro miliyan 80, aka ja shingayen Raidillon baya aka faɗaɗa filin da mota za ta zame a kai kafin ta daki wani abu, aka zuba tsakuwa a gefen kwanoni irin su La Source da Les Combes da Blanchimont, wani ɓangare na aikin don a samu dawo da tseren babura ne. Siffar kwanar kuwa aka bar ta kusan yadda take. Abin da ya tafi shi ne ɗan gidan nan da ke kan tudun Raidillon wanda duk wanda ya taɓa ganin hoton Spa ya san shi, aka rushe aka kafa rumfar 'yan kallo. Magoya baya sun yi ta jimami a Twitter da sauran wurare, ana ta yaɗa hotunan katafila tana cin gini, ana cewa an sayar da tarihi. Na fahimci zafin, nima ina son hoton nan, amma haba, gida ne na bulo da katako a inda ake buƙatar fili don ran ɗan mutum, ba na jin akwai abin tattaunawa a nan.

Amma fa ban ce magoya baya ba su da hujja ba, tsoronsu yana da tushe. Sun ga abin da ya faru da kwanar Tamburello a filin tseren Imola na Italiya: bayan rasuwar Ayrton Senna ranar 1 ga Mayun 1994, kwana ɗaya bayan rasuwar Roland Ratzenberger a wannan filin, aka mayar da kwanar nan mai gudun gaske ta koma lanƙwasa, saboda kogin Santerno na bayan katangar ba inda za a matsa da ita. A can dole ce ta sa. A shekarar ma an sa wa Eau Rouge irin wannan lanƙwasar ta wucin gadi, ba ta yi wa kowa daɗi ba, aka cire a 1995. Sun kuma ga Hockenheim ta Jamus da aka yanke a 2002 daga kusan kilomita 7 zuwa 4 da rabi, aka tone tsohuwar kwaltar cikin dajin aka dasa bishiyoyi don kar ma a yi tunanin komawa, kuma kowa ya san maganar kujerun 'yan kallo da talabijin tana cikin lissafin. Ga kwanar Parabolica ta filin Monza a Italiya da aka shafe tsakuwarta da kwalta a 2014, direba ya yi kuskure ya fita ya dawo abinsa ba abin da ya rasa. Mutumin da ya ga waɗannan dole in ya ji an ce "tsaro" ya ɗaga kunne. Ƙari a kan haka, sabuwar yarjejeniyar Spa ta nuna ba za a yi tsere a can ba a 2028 da 2030, alhali ana ta ƙara tseren cikin birane masu katanga dama da hagu saboda su ke biyan kuɗi mai tsoka. In dai a kan wannan magoya baya za su yi fushi, ina tare da su.

Inda muka rabu shi ne maganar ruwan sama, kuma nan ne nake ganin gardamar ta fi muhimmanci fiye da siffar kowace kwana. Van 't Hoff ya rasu ne bayan an gama duk gyaran 2022, a kan miƙaƙƙiyar hanyar Kemmel da ke bayan tudun, a ƙaramar gasar Formula Regional, ana tafka ruwa, aka sake sakin motoci dab da ƙarshen tseren, motarsa ta juya a tsakiyar hanya wata ta zo ta same shi. Direban Formula 1 Lance Stroll ya fito cikin ɓacin rai ya ce dole a canza kwanar Eau Rouge, takwaransa Max Verstappen kuma ya ce matsalar rashin gani ce kuma akwai wurin da ya fi nan hatsari a Jidda. A nan ina ganin Verstappen ya fi kusa da gaskiya. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela da damina ya san yadda feshin tayoyinta ke rufe gilas ɗif, to ka ɗauka hakan ne amma kana gudun da ya haura kilomita 250 kuma ba gilas ba waifa, hular kwano ce kawai. A Spa abin ya fi muni saboda bishiyoyi na riƙe feshin ya tsaya a iska. FIA ta gwada sa wa tayoyi marufi don rage feshin, a filin Silverstone na Ingila a 2023 da kuma filin Ferrari a 2024, bai yi aiki ba aka ajiye, saboda yawancin ruwan daga ƙarƙashin motar yake tashi.

Shi ya sa da aka jinkirta tseren 2025 na wajen minti 80 saboda ruwa, jama'a suka yi caa, har Verstappen da Lewis Hamilton suka ce an cika taka-tsantsan, ni ban ga laifin masu kula da tseren ba. Eh, wataƙila an iya farawa da ɗan wuri, amma mutumin da ke riƙe da wannan hukuncin ya san a wannan hanyar aka ɗauki gawar yara biyu cikin shekara huɗu, kuma in ya saki motoci 20 suka hau tudun nan a makance wani abu ya faru, ba mai sharhi a Facebook ɗin da zai je ya tsaya gaban iyayen. Abin da ya cancanci fushi shi ne na 2021, da aka bar mutane awanni cikin ruwa da taɓo, aka zaga 'yan zagaye a bayan motar jan gaba, aka ce wai an yi tsere har aka raba rabin maki. Wannan cin fuska ne ga wanda ya biya tikiti, kuma matsalar kuɗi ce da rashin tsari, ba ruwan tsaro da ita.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake maganar kaman taurarin Formula 1 kaɗai ke bin hanyar. Hubert da van 't Hoff duka a ƙananan gasanni suke, yara masu neman suna, waɗanda ba su da bakin cewa ba za su fita ba don in suka ƙi akwai goma da ke jiran kujerar. Direban da ya ci kofin duniya zai iya cewa shi ya yarda da hatsarin, wannan ransa ne da ƙwarewarsa, amma ba zai yarda a madadin ɗan shekara 18 ba, ballantana mu da ke zaune a falo. Kuma mu tuna yadda aka yi ta tsine wa ƙarfen kariyar kai da ake kira halo lokacin da aka tilasta shi a 2018, aka ce ya munana motoci, sai ga shi a wannan shekarar, a Spa ɗin nan, motar Fernando Alonso ta yi sama ta sauka a kan ta Charles Leclerc, tabon tayar ya fito ɓaro-ɓaro a jikin ƙarfen, dai-dai inda kansa yake.

Don haka abin da nake so a yi bai da wani sarƙaƙiya. A bar Eau Rouge da Raidillon da gangararsu da hawansu da gudunsu, kar a sa lanƙwasa, domin ko an sa ba za ta hana feshi a Kemmel ba. Amma duk inda bincike ya nuna shinge na tunkuɗo mota kan hanya a ci gaba da ja da shi baya ko da rumfa ko bishiya za ta tafi, a tsananta dokar ruwa ga ƙananan gasanni fiye da ta Formula 1, musamman sake sakin motoci ana saura zagaye ɗaya ko biyu, sannan in hasashen yanayi ya nuna ruwa zai sauko da yamma a matso da tseren da wuri maimakon a liƙe wa lokacin talabijin. In kuma ruwa ya hana tsere kwata-kwata, a mayar wa 'yan kallo kuɗinsu cas, a rubuta hakan a jikin tikiti tun kafin su baro gida.