Zanen shahada a Italiya ba baje kolin jini ba ne

Mutane da dama na ɗauka cewa masu zanen Italiya na ƙarni na 18 sun zana kisan waliyyan Kirista ne don sha'awar jini da azaba. Ba haka ba ne. Aikin kwangila ne: coci ko wani attajiri ke zaɓar waliyyin, a auna gurbin bango, mai zane ya cika shi. A cocin San Stae da ke birnin Benis, wajen 1722, an raba hotunan manzannin Yesu 12 ga masu zane daban-daban, Tiepolo ya sami Bartalamawus, wanda aka ce an feɗe shi da rai. Amma fa a hoton wuƙa ce kawai a hannun mai kisa, ba a kai ga fiɗa ba.

Wuƙar nan alama ce, da ita wanda bai iya karatu ba zai gane waliyyin. Reshen dabino kuwa yana nufin shahada.

Dubi hoton waliyyiya Agata da Tiepolo ya zana wajen 1755, wanda yanzu ke Berlin. An yanke mata nono, amma wata mata ta rufe ƙirjin da mayafi, jini ɗan kaɗan ya ɓata shi. Yaron da ke riƙe da farantin da aka ɗora nonon a ciki ya kau da kai. Hasken duk yana fuskarta, idanunta na sama. Abin takaici, daga baya an datse saman hoton, inda wahayin da take kallo yake, sai aka bar mai kallo da raunin kawai.