Jakin Ma Na Aro Ne

A gidanmu kowa ya tashi ya tarar da zancen cewa kakanmu attajirin gyaɗa ne. Ba wanda ya taɓa nuna mana ko kangon shagonsa, amma zancen na nan ana gadon sa kamar gona. Da ya zo hannuna kuwa sai na ƙara masa gishiri. A bakina, kakanmu tare suke cin tuwo da Alhassan Dantata, kuma cikin dalar gyaɗar da ake jerawa a Ƙofar Mazugal guda biyu nasa ne.

Haka na yi ta shara ta har a gidan da nake neman aure. Ashe yayan yarinyar malamin tarihi ne a sakandare. Ran nan ya ce mini wani laburaren gwamnati a nan Kano ya baje kolin tsofaffin hotunan birni, mu je mana, wa ya sani ko mu ci karo da attajirin namu.

Na riga shi zuwa a ɓoye don in share fage. Allah da ikonsa, ga hoton dalar gyaɗa ƙato a bango, a gabanta wani dattijo da babbar riga da rawani, riƙe da littafin lissafi. A ƙasa ba suna, an dai rubuta wajen shekarun 1950. Na ƙura wa hancinsa ido, na shafa nawa, na ce shi ke nan, magana ta ƙare. Saura shaida. Nan na tuna da Gwaggo, yayar mahaifinmu, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka yi wayo da kakan namu.

Abin da ban sa a lissafi ba, kunnen Gwaggo ya yi nauyi, kuma a ganinta kowa ma haka yake.

Muka ajiye jaka a bakin ƙofa, muka sa hannu a rajista. Ɗakin tsit, sai ƙarar fanka, ɗalibai masu shirin jarrabawar shiga jami'a kowa ya kifa kai a littafi. Gwaggo ta rangaɗa sallama, rabin ɗakin suka amsa don dole. A cikin akwatunan gilashi ga littattafan ajami cikin gafakarsu, ga ɗaurarrun kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Duk ba su dame ta ba sai da ta hango anini da kwabo mai huji. Ta tsaya ta sanar da jama'a cewa kafin a kawo naira a 1973, da wannan kwabon sai ka ci ƙosai ka ture.

Yayan yarinyar kuma ya samu aji. Ya ce jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa na sa ran auduga za a riƙa loda musu, manoma suka duba inda riba take suka rungumi gyaɗa. Buhuna suka fi ƙarfin taragon da ke kai su Ikko, dole aka riƙa tara su ana jiran layi, dala ɗaya takan ci buhu har 15,000. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 su suka kwashe dalar. Ni dai kai kawai nake gyaɗawa, ina jan Gwaggo zuwa inda za a yi ta ta ƙare.

Na nuna mai rawani, na ce, "Gwaggo, kin gane wannan?"

Ta gyara tabarau, ta matsa har hancinta na gogar gilashi. "Wannan mai tumbin? Ban san shi ba."

"Ki dai duba hancin."

"Hanci kowa ma da shi, ɗan nan."

Ina cikin neman abin cewa sai ta doka salati. "La'ilaha illallahu! Ga Baffa! Wallahi ga Baffa nan!"

Yatsanta ya wuce mai rawani, ya wuce dalar, ya sauka can gefen hoton, inda ni ban ma lura akwai mutum ba. Wani siriri ne ba riga, gammo a kafaɗa, ya turje yana jan jaki da mangala, jakin kuma ya kafe ya ce ba inda za shi.

Na yi ƙasa da murya na ce ai dabbobinsa ya zo dubawa, manyan attajirai haka suke, ba sa yarda da yara.

"Dabbobin wa? Jakin ma na aro ne! Na maƙwabcinmu ne, kullum da yamma sai an yi rigimar kuɗin haya. Ai shi ya harbe shi a gwiwa, ɗingishin da ya mutu da shi ke nan."

Mu fa a gida an ce mana daga kan doki ya faɗo ranar hawan Sallah.

Wata ɗaliba ta cusa fuska cikin hijabi, kafaɗunta na rawa. Wani ya fice da gudu, muna jin dariyarsa daga baranda. Sai ga ma'aikacin laburaren ya nufo mu. Na yi hamdala a zuci, na ce yanzu za a kore mu a rufa mini asiri. Ina! Kujera ya kawo mata. Ya ce, "Hajiya, don Allah zauna. Mun daɗe muna neman wanda zai gane mana mutanen da ke hotunan nan." Ya buɗe littafi, ya kunna wayarsa yana naɗar murya.

Gwaggo ta samu abin da take so. Ta faɗi yadda 'yan dako ke taka buhu su hau da buhu har ƙololuwa, yadda ake lulluɓe dalar da tamfol in damina ta kawo kai, da yadda Baffa ke dawowa da gyaɗar da ta zube a aljihu, kakarmu ta yi ƙuliƙuli ta ba su talla. To ka ji inda attajirancin ya tsaya. Har ɗaliban suka ajiye biro suka zagaye ta.

Da ta sarara, ma'aikacin ya juyo gare ni da fara'a. "Malam, kai ne jikan ko? Taimaka ka rubuta mana cikakken sunan gidanku, za mu manna a ƙasan hoton." Na rubuta da hannuna, yayan yarinyar na tsaye a kaina yana gyara mini ƙa'idar rubutu. Kafin mu karɓi jakunkunanmu saƙonta ya shigo wayata, ba ko kalma ɗaya, hoton jaki kawai.

A cikin adaidaita sahu Gwaggo ta taɓo ni. Ta ce in shirya ranar Alhamis mu koma, ta yi wa yaron nan alkawari. Akwai hoton zuwan Sarauniyar Ingila Kano a 1956 a kusa da ƙofa, kuma ta hango kakana na wajen uwa a ciki.

"Wanda yake dogarin sarki?"

"Haka uwarku ta ce muku?"

"To me yake yi a hoton, Gwaggo?"

"Sai mun je gaban mutane, ɗan nan. Ni ba na gulma."