Ana Horar da Mu Gashin Ciwon Daji Ba Tare da Na'ura Ba

Ni likita ne mai neman ƙwarewa a fannin gashin ciwon daji da radiyeshon, wato haske mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin cutar, a wata jami'ar koyon aikin likita, kuma halin da sashenmu yake ciki ya wuce a yi masa shiru. Kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu, amma jami'ar tana ci gaba da ɗaukar sababbin likitoci duk shekara alhali na'urar gashi ta linak ɗaya tilo da za mu koyi aiki da ita ta fi daɗewa a lalace fiye da yadda take aiki.

Wannan fanni ba a koyonsa a zaune cikin aji. Mai sankarar maƙogwaro sai an kwantar da shi an yi masa abin rufe fuska na roba daidai da kansa domin kada ya motsa, a ɗauki hotonsa da na'urar siti mai ɗaukar hoton cikin jiki, sannan likita ya zauna gaban kwamfuta ya zana iyakar ƙarin, wato kumburin ciwon, yanki bayan yanki, ya kuma keɓe lakar baya da wuraren da yawu ke fitowa don kada hasken ya ƙone su. Bayan haka masanin fiziks na asibiti ya lissafa yadda za a ba shi girei 70, wato ma'aunin yawan hasken, a zama 35 cikin mako bakwai. Kuskuren milimita kaɗan yana iya barin mutum da busasshen baki har ƙarshen rayuwarsa, ko ya bar wani ɓangare na ƙarin bai sha gashi ba. Mu kuwa hotunan marasa lafiyar wasu ƙasashe ake haska mana a bango, a ce mun ga yadda ake yi. Wanda bai taɓa shiga ruwa ba ba ya zama gwanin iyo don ya haddace littafi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne marasa lafiyar da ake katse wa magani. Duk littafin da aka ba mu ya nanata cewa mai sankarar bakin mahaifa ya kamata ta kammala gashin waje da na ciki, wanda ake sanya sinadari mai fitar da radiyeshon kusa da ƙarin, cikin mako takwas, domin kowace rana da aka ƙara tana ba ƙwayoyin cutar damar sake hayayyafa. Na ga matar da aka fara wa gashi, na'ura ta tsaya a tsakiyar jinyarta, aka ce ta koma gida sai injiniya ya zo. Da ta dawo, alamomin tawadar da aka yi mata a mara sun goge, jinin da ya tsaya ya dawo, kuma ni aka tura in yi mata bayani. Me zan ce mata? Cewa hukumar jami'a ba ta sabunta yarjejeniyar gyara da kamfanin da ya sayar da na'urar ba? Tsohuwar na'urar gashi mai aiki da sinadarin kobal-60 ma ba mafita ba ce, tunda ƙarfin sinadarinta yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da 'yan watanni, kuma an yi watsi da batun sauya shi.

Sai maganar bincike, wadda ita ce abin alfaharin shugabanninmu a wajen taro. An wajabta mana wallafa takarda kafin jarrabawar ƙarshe, alhali fayilolin marasa lafiya suna jibge a ɗakin ajiya, kuma babu wanda ke bibiyar wanda ya warke da wanda ya rasu. Dole kowa ya koma raba takardun tambayoyi a kan ko jama'a sun san ciwon daji, manya su jera sunayensu a sama. A Birtaniya bincike ne ya nuna cewa girei 40 a zama 15 sun wadatar wa mai sankarar mama, sannan a 2020 wani binciken ya nuna girei 26 a zama biyar cikin mako guda suna yin aikin ga mata da yawa. Irin wannan ne zai rage layin da ke ƙofarmu, amma ta yaya za mu auna sakamakonsa a kan marasa lafiyarmu ba tare da rajista ba?

Shugabanni sun iya ambaton shirin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ƙaddamar a 2022 don faɗaɗa gashin ciwon daji, amma masanin fiziks ɗinmu ya ajiye aiki kuma har yau ba a maye gurbinsa ba. Idan jami'a ba za ta iya gyara na'urarta ba, to ta tura mu cibiyar da ke aiki da kuɗinta, ko ta daina ɗaukar ɗalibai. Jarrabawa tana matsowa, littafin da ake rubuta adadin marasa lafiyar da kowannenmu ya tsara wa gashi kusan fanko yake, kuma an riga an fara raɗa mana cewa mu cike shi kawai, za a sa hannu.