Mu karanta Irmiya 29 tun daga farko mana

'Yan'uwana matasa, akwai wata aya da muka riƙe hannu bibbiyu, Irmiya 29:11. Tana jikin sitika a bayan keke napep, tana kan sitatus ɗin WhatsApp, ranar da mutum ya rubuta jarrabawar ƙarshe aka zane masa farar riga da maka ita ake rubutawa, ranar sa ranar aure ma ita ce. Allah ya san shirin da yake da shi dominmu, na alheri ne ba na masifa ba, akwai makoma akwai bege. Ni ma ina son ayar nan, kada wani ya ce na zo rushe masa bangaskiya. Amma ra'ayina shi ne yadda muke cire ta ita kaɗai mu bar sauran surar yana yi mana illa, don yana koya mana wata irin dogara ga Allah wadda ba ta iya jure canji, da zarar rayuwa ta juya ba yadda muka tsara ba sai ka ga mutum ya sare gaba ɗaya, ya daina zuwa sujada, in ka kira shi ya ce aiki ne ya yi yawa.

Ayar nan fa cikin wasiƙa take. Irmiya yana Urushalima ya rubuta wa mutanen da Sarki Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila wajen shekara ta 597 kafin haihuwar Yesu, har da sarkinsu Yekoniya da masu sana'a da maƙera. Mutanen da aka raba da gidajensu da gonakinsu da Haikali, suna zaune a ƙasar da ba su jin yarenta, kowa kunnensa a buɗe yana jiran ranar komawa. Kuma akwai mai gaya musu abin da suke so su ji. A sura ta 28 wani annabi Hananiya ya tsaya a Haikali gaban firistoci da jama'a ya ce nan da shekara 2 an gama, za a dawo da kayan Haikali da sarki da kowa da kowa. Har ya kama karkiyar itace da ke wuyan Irmiya ya karya a gaban mutane don a ga da gaske yake. Abin da ke burge ni, Irmiya bai yi faɗa da shi ba da farko, amin ya ce, Allah ya sa haka. Shi ma yana so ai, wa ba ya so? Amma ba haka Ubangiji ya faɗa ba. Hananiya bai ƙarasa shekarar ba ya mutu.

To me wasiƙar ta ce? Ku gina gidaje ku zauna. Ku dasa lambuna ku ci amfaninsu. Ku yi aure, ku aurar da 'ya'yanku, ku ƙaru kada ku ragu. Ku nemi zaman lafiyar birnin da aka kai ku bauta, ku yi masa addu'a. Kuma shekara 70 ne, ba 2 ba. Ka yi lissafi da kanka, wanda yake da shekara 30 a ranar da aka karanta wasiƙar nan a Babila za a binne shi. Bayan an gama gaya musu wannan duka ne aka zo kan aya ta 11. Wato mutanen da aka fara gaya wa ina da shirin alheri dominku, su ne waɗanda aka fara gaya wa ku kwance kaya, ba yanzu za ku koma ba.

Ni ban fahimci wannan a aji ba, a gidanmu na gan shi. Mu 'yan Michika ne. A watan Satumba na 2014 Boko Haram suka shiga garin, muka fito da abin da hannu ya iya ɗauka muka yi Mubi, muna ganin kamar sati ɗaya ko biyu ne. Ƙarshen Oktoba Mubi ma ta faɗi, hedkwatar ekklesiyarmu ta EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a Kwarhi ita ma aka mamaye ta, shugabanni da ɗaliban makarantar Baibul kowa ya kama daji, har sai da aka mayar da ofis Jos na wani lokaci. Mu ma daga Yola muka ƙare a Jos, ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwan Mama, ga sanyin da ba mu saba da shi ba. Kuma ba mu kaɗai ba, maƙwabtanmu Musulmi ma tare muka yi ta gudu a hanya, bala'in bai tambayi kowa sunansa ba.

Baba ya ɗaura makullin gidanmu a zare ya rataya a wuya. Jakarsa Ghana must go ba ta taɓa zama a kwance ba, in ya ciro riga ya sa aka wanke sai ya ninke ya mayar ya zuge zif. Rediyo a kunne safe da yamma, BBC Hausa, Muryar Amurka, Jamus, duk ya bi su yana jiran a ce an kwato gari. In aka ce a sa mu makaranta a nan sai ya ce a ɗan dakata, me za a ɓata kuɗin yunifom a kai tunda mun kusa tafiya. Kuma yana addu'a fa, da asuba za ka ji shi. Ba wanda zai ce Baba ba ya dogara ga Allah.

Mama kuwa ba ta cika magana ba. Ta samo buhunan siminti da aka zubar a wani gini kusa da mu, ta cika su da ƙasa da kashin kaji, ta jera a bayan ɗaki jikin katanga, ta shuka yakuwa da alayyafo da kuɓewa. Ruwan wanke-wanke ba ya zubewa a banza, can yake zuwa. Ta shiga Zumuntar Mata ta cocin unguwar duk da ba EYN ba ce, ta sayi zaninsu da bashi, ta fara soya ƙosai a bakin titi, ta kai mu makarantar gwamnati da kanta ba tare da ta jira an gama shawara ba. Baba ya ce mata wato ke kin fid da rai da komawa gida kenan. Ta ce ban fid da rai ba, amma yaran nan yau za su ci miya.

Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma ba wai ina ɗora wa Baba laifi ba ne, mutumin da ya gina gida da guminsa ya ga dawarsa ta kusa nuna aka kore shi, ba ni da bakin yi masa wa'azi. Amma in ka tambaye ni a cikin su biyun wa ya yi abin da wasiƙar Irmiya ta ce, Mama ce. Baba ya dogara ga Allah a kan ya mayar da abu yadda yake da. Mama ta dogara cewa Allahn da ke Michika yana nan Jos ma, ko an koma ko ba a koma ba. An kwato Michika a farkon 2015, Baba ya je daga baya ya tarar da bango babu rufi, makullin da ya yi ta rataye da shi babu ƙofar da zai buɗe.

Mu namu canje-canjen ba duka ne suke zuwa da ƙarar bindiga ba, amma suna girgiza mutum. Waɗanda muke jami'a a 2022 mun sani, yajin aikin malamai daga Fabrairu har Oktoba, wata 8 cur, kullum ana cewa an kusa sasantawa, sati mai zuwa, an shiga mitin an fito. Wasu abokaina haka suka zauna da waya a hannu suna bin labarin mitin har watannin suka ƙare. Ni Mama ce ta kore ni daga ɗaki ta haɗa ni da wani mai gyaran waya a kasuwar Taminus ta Jos, na fara da share shago da miƙa sukundireba, yau da wannan sana'ar nake biyan haya, satifiket ɗin yana cikin leda a ƙasan akwati yana jiran lokacinsa. Sai ga 29 ga Mayu 2023 an cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, duk lissafin da mutum ya yi na aure ko na jari ya wargaje. Ƙara da na cikin gida, wadda kuka yi shekaru tare kowa ya san ku a ƙungiyar mawaƙan coci ta ce ta ga ba za ta iya jira ba, abokin da kuke addu'a tare ya samu biza ya tafi yanzu sai laik a Facebook, faston da ya rene ka an yi masa canjin wurin aiki, mahaifi ya kwanta ciwo kai ne babba.

A irin wannan hali ne kasuwar su Hananiya take ci. Ba zan kira sunan kowa ba. Amma daren 31 ga Disamba kowa ya san abin da ake faɗa a wasu wurare, wannan shekararka ce, kafin wata 3 za ka riƙe takardar aiki, kafin Ista za a zo neman aurenki, ka shuka iri ka ga abin mamaki. Ana amin har murya ta dishe. Disamba ta zagayo ba abin da ya faru, kuma ba wanda zai hau bagade ya ce 'yan'uwa bara na faɗi abin da ba a aike ni ba, a'a, kai za a juyo a ce bangaskiyarka ce ba ta kai ba, ko akwai wani a ƙauyenku da ya ɗaure ka. Yaro ya koma gida da talaucinsa an ƙara masa da zargin kansa da zargin kakarsa. Yawancin matasan da na sani da suka ja baya da coci ba Allah ne ya saɓa musu alkawari ba, alkawarin da Allah bai yi ba aka sa musu a baki da sunansa.

Na san wani zai ce to kai kana nufin kada mu roƙi Allah ya yi abu da sauri, ko ba ka yarda da mu'ujiza ba. Na yarda mana. Mun fito daga Mubi da rai, wannan kaɗai ya ishe ni shaida. Roƙa kam ka roƙa, da azumi ma. Amma ka tuna abokan Daniyel su uku, su ma fa a Babilan nan suke, da aka tsayar da su gaban tanderu cewa suka yi Allahnmu yana da ikon cetonmu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkin sujada ba. Wannan ko bai yi ba ɗin shi ne ya ɓace a wa'azinmu na yanzu. Iyayen 'yan matan Chibok, waɗanda akasarinsu 'yan ekklesiyarmu ne, tun Afrilun 2014 wasu suke jira har yau, wasu sun mutu suna jira. Je ka gaya wa irin wannan uwa cewa bangaskiyarta ce ba ta kai ba in kana da ƙarfin hali.

Kuma kada a ɗauka dogara na nufin ka yi ta murmushi kana cewa lafiya lau alhali ciki na ƙuna. Mutanen da aka ce su dasa lambu su ne dai suka zauna a bakin kogunan Babila suka yi kuka a Zabura 137, suka rataye molayensu suka ce yaya za mu yi waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa. Mama ma na sha jin ta tana kuka da dare a hankali don kada mu farka, da safe ta tashi ta jiƙa wake. Mu a coci mun iya ba da shaida in abu ya yi daɗi, amma ba mu da wurin da mutum zai tashi ya ce har yanzu ban samu ba kuma na gaji, a zauna da shi ba tare da an yi masa lacca ba. Wannan gyara ne da ƙungiyoyin matasa za mu iya yi ba sai mun jira dattawa ba.

Sai batun neman zaman lafiyar birni, wanda ni a ganina shi ya fi wuya. Babila fa su ne suka cuce su. Mu da muka taso a Jos ko Kaduna mun san yadda unguwanni suka rabu, akwai layin da tun kana yaro ake ce maka kada ka wuce. Amma maigidana a sana'a Musulmi ne, shi ya fara ba ni teburi a gefen shagonsa kyauta, ranar Lahadi ya tsare min kwastomomi, ranar Juma'a in tsare masa. Da na zauna ina jiran sai garin ya koma yadda tsofaffi ke ba da labari kafin rikicin 2001 da har yanzu ban iya buɗe bayan waya ba.

Abin da ya sa na yi dogon rubutun nan ma ƙanwata ce. Tun tana firamare take cewa likita za ta zama, ta rubuta JAMB makin bai kai ba, aka ba ta wani kwas a fannin noma, ta yi kwana tana kuka tana cewa Yaya ba haka muka roƙa ba, wata a grup ɗinsu har ta ce mata ta ƙi karɓa wai karɓa alamar rashin bangaskiya ce. Na ce mata ta karɓa ta fara, in tana so ta sake rubutawa baɗi ni zan saya mata fom, ba a hana ta ci gaba da roƙo ba. Ba ta gamsu sosai ba tukuna, har yanzu tana ɗan kumbure-kumbure, Baba yana bayanta Mama tana bayana kamar kullum. Ranar Litinin dai za mu je kafe mu biya kuɗin karɓar gurbin kafin a rufe fotal.