Abin da ke riƙe mutum a rayuwa

A shekarar 2021 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta tambayi mutane kusan dubu 19 a ƙasashe da yankuna 17 masu ƙarfin tattalin arziki abin da ke ba rayuwarsu ma'ana. A 14 daga ciki iyali ne ya zo na farko. Addini kuwa, in ban da Amurka inda kashi 15 cikin ɗari suka ambace shi, kusan bai fito ba. Ni mai imani ne, kuma da farko sakamakon ya sosa mini rai, sai dai da na yi tunani na ga ya nuna wata gaskiya da muke yawan kau da kai daga gare ta.

A leƙa ɗakin marasa lafiya da ƙarfe uku na dare. Ga wata mata tana juya mahaifiyarta a hankali don kada kwanciya ta yi mata gyambo, bakinta yana motsi da addu'a. A gadon da ke kusa, wani mutum wanda bai yarda da samuwar Allah ba yana ɗiga wa ɗansa ruwa a leɓe da cokali, kwana uku rabonsa da barci. Idan aka tambaye ta za ta ce haƙƙin uwa take saukewa, tana kuma fatan lada. Shi kuwa zai ce in bai yi ba babu mai yi. Dalilansu sun bambanta, amma dukkansu abu ɗaya ya hana su gajiya, wato sanin cewa wani yana buƙatarsu.

Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya da a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya tsira daga sansanonin fursuna na 'yan Nazi, ciki har da Auschwitz, ya ba da labarin fursunoni biyu da suka fid da rai har suka so kashe kansu. Ɗaya ya fasa da ya tuna yana da ɗa da ke jiransa a ƙasar waje, ɗayan kuma, masanin kimiyya, ya fasa da ya tuna bai kammala littattafansa ba.

Ba ina cewa imani da rashinsa ɗaya ne ba. Bambancin yana fitowa fili ranar da mara lafiyan ya cika: matar tana da lahira da fatan sake haɗuwa, shi kuwa mutumin zai ɗauki rashin ba tare da wannan madogara ba, kuma a ganina kayansa sun fi nauyi. Amma kuskure ne babba mu masu addini mu ɗauka cewa rayuwarsa fanko ce, domin wanda ya kwana riƙe da cokalin nan ya san dalilin da ya sa bai tafi gida ba.